Kyamarar ɗaukar hoton jirgin sama a Kaduna: mai madubi, marar madubi, ko mai dogon zum?

Jirgin sama ba ango ba ne da za ka ce masa ya ɗan matso, ko ya juyo da fuska wajen haske. Yana nesa, yana gudu, kuma tsakaninka da shi akwai shinge, akwai jami'an tsaro, ga iskar Kaduna wadda in ba ƙura ce ta cika ta ba, to zafi ne ke kaɗa ta. Shi ya sa kyamarar da ke fitar da mai hoto kunya a wurin biki sai ta zo nan ta kasa. Wanda zai zuba kuɗinsa a wannan harka, gara ya fara sanin wane irin jirgi zai riƙa hara, kuma daga ina.

Abin da ke yawo a samaniyar garin nan bai zo ɗaya ba. A filin jirgin sama da ke can gaba da Mando, jiragen fasinja na cikin gida ne, irin su Boeing 737 da Embraer, kuma ba su da yawa a rana; sai lokacin jigilar alhazai ne manya ke sauka. Masu sha'awar abin har yanzu suna tuna makonni shidan nan na 2017, daga 8 ga Maris, da aka rufe filin Abuja don gyaran titin jirgi aka karkato da zirga-zirga nan, har kamfanin Ethiopian Airlines ya sauke Boeing 787 a Kaduna. Ban da waɗannan akwai ƙananan jiragen koyon tuƙi masu farfela, irin Super Mushshak na sojojin sama, da Diamond DA40 na kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya wadda aka kafa a 1964. Akwai masu saukar ungulu. Akwai kuma masu wucewa can ƙololuwa, sama da kilomita 10, waɗanda ba ka ganin komai nasu sai farin layin da suka bari.

Ga ɗan lissafi da zai raba ka da yawan gardama. Ka ninka faɗin sensar kyamara, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikinta, da nisan jirgi, ka raba da tsawon jirgin, abin da ya fito shi ne tsawon lens ɗin da zai cika maka hoto, wato ƙarfin jawowarsa a ma'aunin milimita. Boeing 737-800 tsawonsa mita 39.5 ne. Idan yana nisan mita 500, kuma kyamararka mai matsakaiciyar sensa ce, wato APS-C mai faɗin milimita 23.5, lens na milimita 300 ya ishe ka. Boeing 747-400, mai mita 70 da 'yan kai, ko 170 ya cika hoton. Amma Super Mushshak da bai wuce mita 7 da ɗoriya ba, ko da ya matso zuwa mita 300, sai ka nemi kusan 1,000 kafin ya cika. Da lens na 600 zai ɗan haura rabin hoton, sauran kuma ka datse a kwamfuta. Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa ban damu da kyamarori masu babbar sensa ta 36 da 24 ba a wannan aiki. Suna da kyau, babu musu, amma wancan 737 ɗin da 300 ya ishe shi sai sun nemi sama da 450, kuma kowace milimita da aka ƙara kuɗi ne da nauyi. Jirgi da rana tsaka ba ya buƙatar ƙarfinsu na gani cikin duhu.

To me zai hana mutum ya sayi kyamarar da ta fi kowa jawo abu kusa ya huta? Nan ne masu dogon zum suka shigo, waɗanda lens ɗinsu a manne yake ba a cirewa. Nikon Coolpix P900 ta 2015 da ƙanwarta P950 ta 2020 suna jawowa har kwatankwacin milimita 2,000, P1000 ta 2018 kuwa har 3,000. A takarda babu wanda ya kama ƙafarsu. Ka ɗaga P1000 ka hari wancan farin layin na ƙololuwa, in samaniya ta yi garau za ka ga launin jelar jirgin har ka gane kamfaninsa. Ga wanda burinsa ke nan, ya tara shaidar jiragen da suka ratsa, yana duba manhajar Flightradar24 yana daidaitawa, babu abin da ya fi su a kuɗinsu, kuma daga soron gidansa zai yi abinsa ba tare da ya doshi shingen kowa ba.

Sai dai sensarsu 'yar mitsitsiya ce, wajen milimita 6 da 4 da rabi, irin ta wayoyi da yawa. Da rana ta ɗan yi sanyi hoton ya fara yashi-yashi. Fokas ɗinsu kuma mai laluba ne, yana gaba yana baya kafin ya kama, alhali jirgin da ke sauka yana cin kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Ka danna ka riƙe, su harba 'yan hotuna kaɗan su tsaya suna rubutawa a memori, kafin su farfaɗo jirgin ya taɓa ƙasa ya wuce. Babbar matsalar ma ba ta kyamarar ba ce, ta iska ce. Daga Maris zuwa Mayu, da hantsi ya dubi ludayi kwaltar titin jirgi ta ɗau zafi, kawalwalniya ke tashi, duk abin da ke nesa ya riƙa rawa. Zum na 3,000 ba ya gyara wannan, ƙara girmansa yake yi: lambar rajistar jirgin, 5N na jiragen Najeriya da sauran harufan, sai ta fito a lanƙwashe kamar an rubuta a kan ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo ne ke shanye launi, jirgi fari a samaniya fara. Ba a yi lens ɗin da ke huda hazo ba tukuna. Abin da ke ɗan taimako shi ne ɗaukar hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don a dawo da launi daga baya, kuma a nan P950 ta fi P900, domin tsohuwar ba ta da shi sam.

Akwai guda ɗaya a wannan dangi da ta fita daban, Sony RX10 IV ta 2017. Zum ɗinta a 600 ya tsaya, amma sensarta ta ninka ta waɗancan wajen sau huɗu, fokas ɗinta na bin abu mai gudu ne na gaske, tana kuma harba hoto 24 a daƙiƙa. Ga mai son abu guda a jaka, ba canje-canjen lens cikin ƙura, ita ce. Matsalarta ko ta hannu ba ta yi arha ba, kuma ranar da lens ɗin ya samu matsala kyamarar gaba ɗaya ta kwanta.

Yanzu ga inda ainihin gardamar take: tsohuwar DSLR, mai madubi a ciki da ke turo hoto zuwa tagar leƙe, ko sabuwar marar madubi.

Kamfanoni sun juya wa masu madubi baya, ƙwararru a Turai da Amurka suna ta sayar da nasu, mu kuma a nan gaba ta kai mu. Kyamarorin da aka ƙera musamman don tsuntsaye da wasanni da jirage yanzu suna shigowa na hannu a farashin da bai kai na sabuwar ƙaramar kyamara ba. Biyu ne a gaba. Canon EOS 7D Mark II ta 2014 tana da megafiksel 20, hoto 10 a daƙiƙa, da ɗigon fokas 65, wato wuraren da take iya kama abu a cikin hoton. Nikon D500 ta 2016 ita ma hoto 10 a daƙiƙa, amma ɗigon fokas ɗinta 153, kuma sun bazu kusan daga gefe zuwa gefe. In aka ce in zaɓa tsakaninsu ba tare da duba aljihu ba, D500 zan ɗauka ido rufe. Ta fi riƙe jirgi in ta kama shi, ta fi haƙuri da hoton da ya yi duhu aka zo haskaka shi daga baya, kuma batirinta a gwajin masana'anta yana kai hoto 1,240, ita kuwa 7D Mark II 670. Wanda ya san halin wutar unguwarsu ya san wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Amma Canon tana da wata fa'ida da ba a rubuta ta a kwali. Masu hoton biki da yawa a garin nan ita suke riƙe, don haka batir samfurin LP-E6, da caja, da lens na aro, da mai gyaran da ya saba buɗe cikinta, duk sun fi sauƙin samu. Ranar da cajarka ta ƙone za ka gane darajar wannan. A ɓangarenta akwai kuma 90D ta 2019, mai megafiksel 32.5 da batir mai kai hoto 1,300; yawan megafiksel ɗin nan na da amfani ga ƙananan jirage, domin za ka datse rabin hoton ka jefar, abin da ya rage ya ishe ka. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya duba Nikon D7500 ta 2017, wadda sensarta ɗaya da ta D500, sai dai hoto 8 take yi a daƙiƙa kuma ramin memorinta ɗaya ne. Ko D7200 ko Canon 80D ma ba za su ba ka kunya a kan jirgin fasinja ba. Kada adadin hoto a daƙiƙa ya ruɗe ka: a gudun sauka, hoto 10 a daƙiƙa na nufin jirgi ya matsa mita 7 tsakanin hoto da hoto, wanda ya isa ka kama lokacin da taya ta taɓa kwalta hayaƙi ya tashi. Abin da ya haura haka yawanci cika memori ne da ba ka aikin gogewa da dare.

Marasa madubi fa, me suka zo da shi da ya cancanci ƙarin kuɗin? Abu biyu ne na gaske. Na farko, wasunsu sun san jirgi in sun gan shi. Sony a6700 ta 2023 da Nikon Z50 II ta 2024 suna da saitin gane jirgin sama, su ɗora fokas a kansa su bi shi duk inda ya yi a cikin hoton. A samaniya tsura wannan bai da wani tasiri, ko tsohuwar kyamara ba ta da abin kamawa sai jirgin. Amfaninsa na fitowa ne in jirgi ya yi ƙasa, bishiyoyi da turakun wuta da shinge suka shiga tsakani. Canon R7 ta 2022, mai megafiksel 32.5 da hoto 15 a daƙiƙa, ba a sa mata saitin jirgi na musamman ba, sai na mutane da dabbobi da motoci da babura, amma bin abu mai motsi ba ya ba ta wahala. Na biyu, kuma ni a wurina shi ya fi muhimmanci a Kaduna, tagar leƙensu allo ce, tana nuna maka yadda hoton zai fito kafin ka danna. Farar samaniyar hunturu tana yaudarar ma'aunin haske na kowace kyamara, ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, cikin jirgin ya fito baƙi ƙirin. Mai DSLR sai ya ɗauka ya duba ya ƙara haske, wataƙila jirgin ya riga ya wuce, na gaba kuma sai bayan awa uku. Mai marar madubi yana gani yana murɗawa.

Sai nauyi. D500 da lens ɗin Nikon 200-500 sun haura kilo 3. R7 da RF 100-400 kilo ɗaya da kwata ne, a6700 da Sony 70-350 ma ba su kai haka ba. Wanda bai taɓa ɗaga kilo 3 sama yana bin jirgi mai zagaye ba zai ce ai ba komai. Ya bari sai ya yi minti goma.

Inda suke biyan bashin wannan daɗi shi ne batir da ƙura. Z50 II ba ta kai hoto 300 a gwajin masana'anta, a6700 kuwa ɗari biyar da wani abu. Dole ka riƙe batir biyu ko uku, ko da yake ana iya cajin su da fawa bank ta USB-C, abin da D500 da 7D Mark II ba sa yi. Ƙura kuwa, da ka cire lens sensar marar madubi a fili take, babu madubi a gabanta. R7 tana da dabarar rufe labulen shota, wato wanda ke buɗewa ya rufe a gaban sensa in ka danna, in an kashe ta, wanda ke rage abin. Duk da haka dokar ɗaya ce ga kowa: a hunturu ba a canza lens a fili. Ka ɗaura shi tun daga ɗaki, in ta kama dole ka shiga mota ka ɗaga gilasai.

Me ya sa nake nanata ƙura haka? Saboda jirage masu farfela. Jirgin fasinja mai injin jet sai ka sa shota a 1/1000 na daƙiƙa, ƙofar hasken lens a f/8, ka harba, ƙurar da ke kan sensa ba za ta fito sosai ba. Amma ka yi wa Super Mushshak haka, farfelarsa za ta tsaya cak a hoto, ya zama kamar injinsa ya mutu a sama. Don farfela ta nuna tana juyawa sai ka sauko 1/250 ko ƙasa, mai saukar ungulu kuwa har 1/125 ko ƙasa da haka, domin fukafukansa sun fi jinkirin juyawa. A ranar Kaduna, wannan jinkirin shota na tilasta wa kyamara ta tsuke ƙofar haske zuwa f/13 ko f/16, kuma a nan ne kowane ɗigon ƙura ke fitowa ɓaro-ɓaro a kan samaniya, baƙi-baƙi kamar an yayyafa. Shafukan da ake tura hotunan jirage, irin su JetPhotos, suna mayar da hoto saboda ɗigo ɗaya. Maganin shi ne filtar rage haske ta ND, kuma ko ita tana shiga lissafin sayayya: bakin Sigma 150-600 milimita 95 ne, filtarsa da tsada da wuyar samu, na RF 100-400 kuwa 67 ne. Wani tarkon kuma na marasa madubi ne kaɗai. In ka sa su a shotar lantarki, marar ƙara, don ka samu hoto 30 a daƙiƙa, sensar na karanta hoton ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, farfela kuma ba ta jira, sai ta fito a lanƙwashe kamar lauje. Ga mai farfela, shotar ƙarfe za ka koma, wadda kowace DSLR da ita take aiki dama.

Duk wannan zance na jikin kyamara, rabin labari ne. Lens shi ne ke ɗaukar hoton, kuma in kuɗinka kashi uku ne, biyu nasa ne. Tsohuwar D7200 da lens mai kyau za ta kayar da sabuwar kyamara mai lens na banza kowace rana. Matakin farko shi ne 70-300 mai hana rawar hannu, irin Nikon AF-P 70-300 VR ko Canon EF 70-300 IS II, ko ma EF-S 55-250 STM in aljihu ya yi ƙasa. Ka kiyayi Canon EF 75-300 da ake yawan haɗawa da kyamara a ce an yi maka ihsani. Ba shi da abin hana rawa, kuma a 300 hotonsa laushi gare shi. Mataki na gaba shi ne Sigma ko Tamron 150-600, kowanne wajen kilo 2, ko Nikon 200-500, ko Canon EF 100-400 L II wanda ya fi su kaifi da saurin fokas, ya kuma fi su tsada. Abin daɗin shi ne lens ɗin mai madubi ba ya mutuwa in ka sauya zamani: na Canon EF yana hawa R7 da adafta, na Nikon F yana hawa Z da adaftar FTZ. Kuɗin da ka sa a nan ba su faɗi ba.

Akwai wani abin da ke shiga zaɓen da babu shi a littafin kowace kyamara. Yankin filin jirginmu yankin soja ne: ga sansanin sojojin sama a Mando, ga makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA a Afaka kan hanyar filin. Tun harin da 'yan bindiga suka kai gefen titin jirgin a watan Maris na 2022, mutum tsaye a bakin daji da dogon baƙin abu a kafaɗa yana saitin jirgi ba abin da wani mai gadi zai ɗauka da wasa ba ne. Dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. Don haka sansanin soja sai da gayyata, filin farar hula kuma sai ka nemi izini a rubuce daga hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN, ka riƙe katin shaida, ka gaida jami'an da ke wurin kafin ka buɗe jaka. Wanda ya samu izinin shiga ciki ma zai ga 70-300 ya wadatar da shi, har wani lokaci ya yi masa yawa. Wanda zai tsaya a gida yana jiran masu wucewa shi ne mai buƙatar 600.

To wacce za a saya? Mai fara koyo da kuɗi kaɗan, D7500 ko 80D ta hannu da 70-300, ya yi shekara yana koyon bin jirgi da jiki, ƙafa a kafe ƙugu na juyawa, kafin ya ƙara ko sisi. Wanda ya riga ya san abin ya shiga jininsa, D500 da 200-500 ko 150-600; a ganina har yau babu haɗin da ya kai wannan riba a kan kuɗinsa. Mai hali, ko wanda kafaɗarsa ba ta son kaya, ko mai son haɗawa da bidiyo, R7 ko a6700, domin a bidiyo marasa madubi sun yi wa tsofaffin nisa. P950 kuma ta mai ƙirga jiragen ƙololuwa ce, kada ya sa ran hoton bango daga gare ta.

Tunda yawancinmu na hannu za mu saya, ko daga Legas aka aiko ko a hannun mai hoton biki da ya canza kaya, kada ka biya sai ka duba adadin dannawar shota. An ƙera ta D500 da ta 7D Mark II su kai 200,000, ta D7500 150,000, ta 90D 120,000. Kyamarar da ta yi shekaru tana zagaya ɗaurin aure da kamu da dina tana iya cinye rabin wannan jikinta na ƙyalli. A Nikon adadin na ɓoye cikin bayanan kowane hoto, a Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Sannan ka fita waje, ka sa f/16, ka ɗauki samaniya tsura, ka buɗe hoton ka zuƙo shi: ɗigo-ɗigo ƙura ce, ana wankewa, amma dogon layi ƙarzuwa ce, ka ajiye musu kayansu. Ka tsaya bakin titi ka bi mota mai tahowa da fokas ɗin bi-da-bi, ka harba goma ka ga nawa suka fito da kaifi. Lens kuwa ka cire murafensa biyu, ka haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kowane zum yana shaƙar ta. Amma in ka ga wani farin abu mai rassa kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, irin wadda laimar Legas ke haifarwa a kayan da suka daɗe a ajiye, kuma tana cin fatar gilashin ne. Ko an rage maka rabin kuɗi kada ka karɓa.